Sanyin Inji da Mutuncin Direba

Ranar Talata ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a tsakiyar damina, muka zauna mu huɗu a ɗakin ajiyar taki na ƙungiyar manomanmu da ke Samaru, domin mu kori mutum daga aiki. Akwai Shugaban ƙungiya, tsohon akawu. Akwai Magatakarda, dattijuwar da ta tsufa tana koyarwa a firamare, wadda kowa ke kira Mama. Akwai ni, da suke kira Baba, wanda aka danƙa wa kula da babbar motar ƙungiya, saboda na gama aikin gwamnati ina shugaban garejin gyaran motoci. Na huɗunmu shi ne direban motar, mutumin Jushi, magidanci mai 'ya'ya shida, yana zaune a kan buhu ya haɗa hannuwansa a gwiwa. Ba zan ambaci sunansa ba, ko na sauran, gama waɗansu suna da rai, waɗansu kuwa sun huta. Takardar sallama tana gaban Mama, an riga an buga ta, sa hannu kaɗai ya rage. Laifin da ke cikinta satar gas ne, wato man dizal, mai ƙarar kuwa ni ne.

Shekarun nan ne da wayar hannu ta fara shiga aljihun talaka, layin mai kuma yakan miƙe daga gidan mai har ya sha kwana. Daga Kwangila zuwa Samaru, 'yan bumburutu sun jera jarkoki a bakin titi, kowa kuma ya san daga tankunan da suke cika su. Motar tamu 'yar Beljiyam ce, mu tsofaffin ma'aikata muka haɗa ƙarfi muka saye ta don ɗaukar taki da masara. Tun ranar da ta iso na fere sandar katako, na goge ta, na yi mata tsaga-tsaga daidai da zurfin tanki, da ita nake auna gas kafin tafiya da bayan dawowa. A watannin farko awon bai taɓa saɓawa ba. Daga baya sai na ga kowace tafiya zuwa Funtuwa da dawowa tana cin kusan jarka guda fiye da ƙa'ida. Sau bakwai na auna, sau bakwai na sami haka. Na duba tanki ko yana yoyo, na bi bututun mai ɗaya bayan ɗaya, na duba iskar taya da matatar iska, ban ga aibu ba. Sai na yanke hukunci cewa tun da aibun ba ya jikin ƙarfe, yana jikin mutum.

Shugaba ya gyara tabarau ya ce, “Malam, ka ji abin da Baba ya kawo. Ba mu son tonon asiri. Ka amsa kawai, mu rabu lafiya.”

Direban ya ce, “Ranka ya daɗe, in amsa me? Abin da ban yi ba? Wallahi ko cikin cokali ban taɓa zuƙa ba.”

Mama ta ce, “To, ina gas ɗin yake zuwa? Ƙafa gare shi?”

“Mama, ni ma tambayar da ta hana ni sukuni ke nan. Amma ku je tasha ku tambayi yadda nake riƙon motar nan. Motocin mutane suna tafasa a hanya, a ɗaga bonet ana ta ɗura ruwa. Tawa kuwa, tun da aka yi mata sabis a Sabon Gari, allurar zafi ba ta ƙara ɗagawa daga ƙasa ba. In na dawo daga Funtuwa sai in dafa lagireto da tafin hannuna, sanyi kamar randa. Mutumin da ya lallaɓa mota haka, shi ne zai sace mata abinci?”

Na ce, “Sake faɗin abin da ka faɗa game da allura.”

Ya sake faɗa, har da alfahari. Na tambaye shi yaushe aka yi sabis ɗin, Shugaba ya amsa cewa shi ya aika da motar, a makon da na tafi ƙauyenmu jana'izar wana. Nan take na roƙi a ɗaga sa hannu zuwa ranar Jumma'a.

Shugaba ya ce, “Baba, kai ka kawo ƙara, kai kuma za ka nemi a ɗaga?”

Na ce, “Ni ne.”

Dole in koma baya da nisa kafin a gane abin da ya tsaya mini a rai a wannan lokaci. Ina ɗan shekara goma sha biyar aka kai ni makarantar sana'a ta mishan, a wani ƙauye kudu da Zariya. Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen ɗorawa, ana buga shi da guntun ƙarfe tun gari bai gama wayewa ba, har yau kuwa in na ji an yar da ƙarfe a kan siminti sai in ji kamar in miƙe in naɗe tabarma. Daga addu'ar safe sai shara, daga shara sai ɗiban ruwa. Ruwan ma iri biyu ne. Na rijiya namu ne, na sha da wanka. Na sama, wanda ake tarawa a tanki daga rufin majami'a, na lagireto ne da batir, wanda duk aka kama ya wanke fuska da shi kuwa zai yini yana cire ciyawa. Wata uku na farko ba a yarda ka taɓa inji ba. Za a ba ka dunƙulen ƙarfe da magagari, ka yi ta gurza har fuskokinsa shida su daidaita, a gwada da ma'auni, in an hango haske tsakanin ma'auni da ƙarfe a mayar maka ka sake. Sautin magagari goma sha biyu suna tafiya tare a ƙarƙashin rumfar kwano, shi ne kiɗan ƙuruciyata. Kowane sifana yana da ƙusarsa a jikin allo, an zana siffarsa da fenti, ba a kuwa tashi cin tuwo in akwai siffa ɗaya da ta rage ba sifana a kanta.

Malamin aikinmu tsohon soja ne, a can ya koyi gyaran mota, ba ya dariya, ba ya kuma ɗaga murya. Mishan ɗin tana da babbar mota guda ɗaya, wadda ake tayarwa da hannu. Wata safiya ya sa aka tayar da ita, ya jera mu, ya ce kowa ya ɗora tafin hannu a kan tiyon sama, wanda ke kai ruwa daga inji zuwa lagireto, kada kuma wanda ya yi magana. Muka tsaya, injin yana kaɗawa, tiyon yana sanyi. Minti biyar ya wuce, goma ya wuce, har hannuna ya fara gajiya. Can sai na ji zafi ya taho gaba ɗaya a ƙarƙashin tafina, kamar an tsiyaya shayi cikin kofin kwano. Malam ya ce, “Kun ji? Ƙofa ta buɗe. Yanzu injin ya farka. Kafin wannan, ɓarnar mai kawai yake yi.” Sa'an nan ya nuna mana ƙofar, wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin buta da waya a naɗe a jikinsa, wanda makanikai ke kira tamostat. Ya ce aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera injin ya yi aiki da shi, sa'an nan ya sake shi zuwa lagireto ya huce. Ya ce in zafi ya yi yawa inji yakan mutu a yini ɗaya, kowa ya gani ya yi hankali. In sanyi ya yi yawa kuwa, mai ba ya cinyewa sarai, wani ya fita a hayaƙi, wani ya gangara cikin baƙin mai, injin ya yi ta ciwo shekara biyu ba wanda ya zargi sanyin.

Makarantar nan babu ita yanzu. Da na je can bara, na tarar an mai da rumfarmu wurin shanya citta, ɗorawar ma an sare ta. Yaron yau ana miƙa masa sifana ranar da aka kawo shi, ya kwance abin da bai san sunansa ba, ya ɗaure shi da ƙarfin tsiya, in ƙusa ta rage a ƙasa ya shure ta ƙarƙashin benci. Na daɗe ina cewa sana'ar ta mutu tare da malamanmu. Amma dole in faɗi gaskiya ko da ta saɓa wa ƙorafina. Kwanan baya jikana ya kai ni wani gareji a hanyar Basawa, na ga wani matashi ya jona wata 'yar na'ura a jikin mota, ya karanta zafin injin da lambobi, ya juya ya yi wa mai motar faɗa a kan cire tamostat, da kalmomin da suka yi kusa da na Malam ƙwarai. Bai taɓa riƙe magagari ba, na tabbata, amma ya san dalilin abin da yake yi. A ranar na dawo gida da sauƙin zuciya, na kuma ga ya kamata in rubuta wannan labari, domin a san cewa mu da muka sha horo ma mun yi kuskure, kuma kuskurenmu ya fi nauyi saboda ana gaskata mu.

Ga inda nawa kuskuren yake. A bisa horon da na samu, ana duba mota ne da sassafe kafin a tayar da ita, lokacin da baƙin mai ya kwanta. Haka nake yi kullum, ƙarfe shida ina gindin motar. A wannan sa'a kuwa kowace allurar zafi a ƙasa take. Ban taɓa shiga motar na bi ta hanya ba, domin ina ganin aikina ya ƙare a bakin ƙofa.

Ranar Laraba, ana yayyafi, na sa direban ya tayar da injin, na ɗora tafina a kan tiyon sama kamar yadda na yi ina yaro. Ban jira minti goma ba. Tun a minti na uku tiyon ya fara ɗumi kaɗan-kaɗan, ya tsaya a nan, ba zafin da ya taho gaba ɗaya. Ba ƙofa ke nan. Fanka kuma tana ta gurnani kamar injin niƙa tun daga tayarwa, alhali irin wannan fanka ba ta kama aiki sosai sai inji ya nemi iska. Na sa ya kashe, na gwada juya ta da hannu, ta ƙi motsi. Na zagaya baya, na sa yatsa a bakin salansa, ya fito da baƙin danshi. Na zaro sandar baƙin mai, na ga ya haura alama, na murza shi a yatsu ya yi ruwa-ruwa, na sansana.

Direban ya ce, “Ka gani ko, Baba? Ba ta cin baƙin mai ko kaɗan, har ƙaruwa yake yi. Albarka ce.”

Na ce, “Ba albarka ba ce, Malam. Gas ɗinmu ne.”

Kunya ta kama ni a wurin, gama sau biyu a baya na yi masa faɗa cewa yana cika baƙin mai fiye da kima, ya rantse bai ƙara ba, na lissafa rantsuwar cikin ƙaryarsa.

Muka kama hanyar Giwa ba kaya, ina zaune gefensa, idona a kan allura. Ta kwanta a ƙasa kamar an manna ta. A madubi ina hango hayaƙi fari-fari yana bin mu. Bayan mun wuce Shika ya yi magana, bai dube ni ba.

“Baba, ka san sunan da aka sa mini a tasha? Mai Jarka. Jiya matata ta je gidan suna, wata ta tambaye ta nawa muke sayar da galan. In kuka sallame ni da wannan takarda, ba mai sake ba ni makulli a Zariya, ko na amalanke ne.”

Na ce kawai ya juya mu nufi Sabon Gari.

Garejin yana wajen Unguwar Gabas, ƙarƙashin waɗansu itatuwan mangwaro. Mai shi, wanda kowa ke kira Oga, iyayensa daga kudu suka zo, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Yana hango ni ya ware hannuwa.

“Baba Injiniya! Yau kuma wane zunubi muka yi?”

Idona ya riga ya tafi kan wani abu a bakin rumfarsa. Wata doguwar waya ce aka ɗaure daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, an zura mata tamostat sun fi hamsin, manya da ƙanana, suna lilo kamar kuɓewar da aka shanya. Na nuna su na tambaye shi ko tamu tana ciki.

“Tana nan mana, ga ta can, babbar nan ta kusa da ƙarshe. Kyauta na cire muku, Baba, ban sa a kuɗin aiki ba. Abin ƙasar ƙanƙara ne. Nan Zariya ce, rana kaɗai ta ishi mota.”

“Fankar fa?”

“Na yi mata walda, ta zama dairek. Yanzu ko Sakkwato kuka je da tsakar rana, ba abin da zai same ku.”

Ba na so mai karatu ya ɗauki mutumin nan mugu ko jahili. Abin da ya yi mana shi ake yi wa kusan kowace 'yar Beljiyam da ta shigo ƙasar nan a lokacin, da zuciya ɗaya kuma ake yi. Ya sha ganin injuna sun ƙone, domin direbobinmu suna ɗura wa lagireto ruwan kududdufi har hanyoyinsa su toshe da laka, motar ta fara tafasa. Wanke lagireto aikin yini ne, cire tamostat aikin minti goma, mai mota kuma ya tafi yana sa albarka don allura ta sauka. Tsoron zafi ya shiga jinin kowa, har aka mai da sanyi alamar lafiya.

Na sa aka ciro tamu daga waya. Na aro tukunya da murhu wurin matar da ke sayar da abinci a bakin garejin, bayan ta sa na yi alkawarin wanke mata da toka. Na rataya tamostat ɗin da zare a cikin ruwa yadda ba zai taɓa gindin tukunya ba, na fito da ma'aunin zafina na gilashi daga kubensa na katako. Kafin ruwan ya fara motsi makanikai sun kewaye mu.

Wani ya ce, “Ku zo, Baba zai dafa mana farfesun ƙarfe!”

Wani ya ce, “Madam, a kawo yaji da albasa!”

Ban kula su ba. A jikin ƙarfen an buga tamanin da biyu, wato zafin da ya kamata ya buɗe. Na nuna wa Oga lambar, na nuna masa ma'aunin, na ce ya sa ido. Ruwan ya haura saba'in, ƙarfen bai motsa ba. Ya kai tamanin, bai motsa ba. Da ya ɗan gota, sai bakinsa ya rabu da kansa, a hankali, ya yi ta buɗewa har ana iya zura fensir. Na ɗaga shi sama, ya sha iska, ya rufe a gaban idonsu. Dariyar ta ɗauke.

Oga ya sosa ƙeya ya ce, “To, ya buɗe a tukunya. A hanya fa, da masara har sama? In gaskit ɗin kan inji ya ƙone, wa za a kama?”

Na ce, “Ni.”

Ya juya ga jama'a ya ce, “Ku shaida fa! Kada gobe a ce Oga ne.”

Sauran yinin nan da Alhamis duka a garejin muka ƙare su. Na sa aka sauke lagireto aka buɗe, aka zura wa kowace hanya tsinke, jar laka ta fito ta kusa cika bokiti. Aka nemo wani kan fanka na hannu wurin masu sayar da kayan gyara, aka juye gurɓataccen baƙin mai aka zuba sabo. Oga da kansa ya mayar da tamostat, yana ɗaurewa yana gunaguni, ni kuma ina tsaye a kansa ina sa shi bin ƙusoshin a gicciye. Ruwan da aka zuba na sama ne, daga durom ɗin gidana aka kawo shi.

Ranar Jumma'a ƙarfe shida muka yi lodin masara daidai da na kullum. Aka cika tanki, na miƙa wa Shugaba sandata ya auna da hannunsa, aka sa wa murfin tankin kwado, ya jefa makullin a aljihu, ya shiga gaba ya zauna tsakanina da direba. Muna fita Samaru allura ta ɗaga kai. Kafin Shika ta bar ƙasa da faɗin yatsa. Na ji ƙafar direban ta sassauta.

“Baba, tana hawa.”

“Na gani. Ci gaba.”

Muka ƙara tafiya, muka kama wani ɗan hawa, injin ya ɗauki nauyi.

“Baba, ta wuce kwata. Wallahi ban taɓa ganin ta a nan ba tun sabis.”

Shugaba ya kama gwiwata ya ce, “A tsaya! Motar jama'a ce, ba taka ba ce kai kaɗai. In ta ƙone me za mu gaya wa mutane?”

Ba zan ɓoye ba, tsoro ya kama ni. Ƙarfen nan ya yi watanni a rataye yana shan ruwa da rana, abin da ya yi a tukunya kuma ba lalle ya yi shi a cikin inji ba. In ya maƙale, ƙungiya ta rasa motarta ɗaya tilo, direban kuma ya tafi da sunan ɓarawo, ba sauran hanyar wanke shi. Na yi addu'a a zuciyata, gajeruwa ƙwarai, na ce da ƙarfi, “Malam, kada ka ɗaga ƙafa. In ta gota tsakiya da faɗin tsinke, ni zan ce ka tsaya.”

Allura ta matso tsakiya, ta taɓa ta. Sai ta ɗan koma baya kaɗan, kamar mai gyara zama, ta tsaya cak. Wannan ɗan komawar ita nake jira, gama ita ce alamar ƙofa ta buɗe. Muka gama hawan, muka wuce Giwa, ba ta ƙara motsi ba. Ƙarar injin ma ta sake, ta bar ƙwanƙwasar nan mai kaushi ta koma sumul, gurnanin fanka ya ɗauke har muna jin junanmu ba sai an ɗaga murya ba.

Direban ya leƙa madubi ya ce, “Ikon Allah! Baba, ba hayaƙi. Ji yadda take ja, ko giya ban sauke ba.”

Shugaba ya saki gwiwata ya ce, “Ni dai ban ce komai ba tukuna.”

Muka sauke kaya a Funtuwa, muka juyo, muka iso Samaru da sauran lokaci kafin direban ya tafi masallaci. Shugaba ya buɗe kwado, ya zura sanda, ya zaro ya duba. Ya goge ta da gefen rigarsa, ya sake zurawa, ya sake dubawa. Danshin gas ya tsaya a tsagar da yakan tsaya a watannin farko.

Ya ce, “Jarkar ta dawo.”

Da yamma muka koma ɗakin taki mu huɗu. Shugaba ya ce tun da gaskiya ta bayyana, a bar maganar ta wuce haka nan, kowa ya manta. Na ce ban yarda ba. An koya mini cewa aikin da aka ɓata a fili, a fili ake gyara shi. Na miƙe tsaye gaban direban.

Na ce, “Malam, na yi maka shaidar zur. Ba da nufi na yi ba, amma na yi. Na gaskata sandata fiye da rantsuwarka. Ka gafarta mini.”

Ya zabura ya ce, “Haba, Baba, zauna don Allah. Ka haife ni fa.”

“Ba zan zauna ba sai ka amsa.”

“Na yafe, duniya da lahira.” Sa'an nan ya ƙara da cewa, “Sai dai, Baba, 'yan tasha ba su ji ba.”

Mama ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Ya faɗi gaskiya.”

Saboda haka ranar Asabar da hantsi na sa kwat ɗina na zuwa sujada, na bi shi tashar manyan motoci, inda direbobi ke taruwa wurin mai shayi. Na nemi su saurare ni, na faɗa musu ko ni wane ne, da abin da na zargi ɗan'uwansu da shi, da inda gas ɗin yake tafiya, ban rage komai ba. Wani mai ƙaton ciki ya ce, “Wato Baba, kana nufin duk mu nan da muka cire abin nan, mu ke satar kanmu?” Na ce haka nake nufi. Aka fashe da dariya, wani ya ce ƙarya ce, wani ya ce shi dai motarsa ta fi son sanyi, biyu kuma suka jawo ni gefe suna tambaya a hankali ko za a iya samun nasu a wayar Oga. Shugaban direbobin ya kama hannun mutumina ya ɗaga sama, ya ce daga yau duk wanda ya sake kiran sunan nan zai sayi shayin kowa.

Mama ta yaga takardar sallama. Direban ya ci gaba da tuƙa motar shekara tara, har ƙungiya ta sayar da ita, ba a taɓa buɗe injinta ba.